Kaset Daga Ringim

Ga wata nan, ku gyara zama. Ba ta dawa ba ce, babu kura babu aljani a cikinta. Labarin wata yarinya ce mai suna Haulatu, 'yar Ringim, wadda karatu ya kai Doha a shekarar 2004, da kuma wata 'yar baƙar rikoda mai cin batir biyu.

Haulatu ce 'yar fari a ɗakinsu, wanda kuwa ya tashi a gida irin nasu ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyarta, wadda duk gidan ke kira Inna, mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Tun da ta haifi Haulatu bakinta bai taɓa kama sunanta ba. Ba ta goya ta a gaban mutane ba, ba ta taɓa zaunar da ita ta yi mata kitso ba. Kakarta ce ta yi duk wannan, har Allah Ya karɓi abarsa. In Inna na son aikenta sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan ta miƙo min rariya," alhali waccan ɗin tana tsaye a gabanta, tsakar gidan kuma ba kowa sai kaji. Ƙannenta kuwa, Raliya da sauran, har cinya suke hawa. Da suna ake kiransu, da suna ake zaginsu, da suna ake rarrashinsu.

Ba ƙiyayya ba ce, ita ma Haulatun ta sani. Sau nawa ta tsinci tsokar nama binne a ƙarƙashin tuwonta, wadda sauran ba su samu ba? Amma sani daban, ji da kunne daban. Abu guda ta ƙulla a ranta tun tana 'yar mitsitsiya, ta kuma tsallaka teku da shi: ranar da Inna za ta fuskance ta, ita kaɗai, ta kira sunanta ta yi mata magana baki da baki, ko da faɗa ne.

Ranar tafiyarta ta yi zaton ranar ce. Ta durƙusa a bakin murhu da jakarta, ta ce, "Inna, zan tafi." Inna ta ci gaba da iza itace, tana murza ido wai hayaƙi. Can ta ce wa tukunya, "A ce wa waccan ta riƙe salla." Ko zaure ba ta raka ta ba. Sai da Haulatu ta buɗe jakar a Doha ta tarar da ƙullin yaji da na kuka da daddawa a cikin tsohon kallabin Inna, an cusa su can ƙarƙashin littattafai.

Ƙanen Inna ne ya samo mata gurbin karatun, Kawu Ja'afaru, injiniya a wani kamfanin gas. Shi ne kafil ɗinta, wato da sunansa take zaune a ƙasar, fasfonta ma yana cikin durowarsa. Suna zaune a unguwar Al Sadd, a bene hawa na huɗu, shi da matarsa Anti Barira. Allah bai ba su haihuwa ba, sai Anti Barira ta rungumi Haulatu hannu bibbiyu. Daga safiya zuwa magariba sunan ba ya hutawa a bakinta. "Haulatu, zo ki ɗanɗana min gishiri. Haulatu, kin ga yadda kika rame kuwa? Haulatu, wannan gyalen da kike sawa ai na tsofaffi ne." A wata guda an kira sunanta fiye da yadda aka kira shi a shekara goma a Ringim. Tana jin daɗi, ba ta ƙi ba. Sai dai ƙishirwar rijiya guda take ji, ruwan wata kuma ba ya kashe ta.

Kwalejin tasu ta kimiyyar lafiya ce, ita kuma harhaɗa magunguna take karanta. Shida da kwata na safe bas ɗin makaranta ke tsayawa a gaban shagon wani ɗan Indiya da ke ƙasan benensu. In ta fito daga sanyin gida, tabaranta su yi hazo da gumin iska, sai ta lalubi ƙofar bas kamar makauniya. A hanya ba abin da take gani sai ƙarafan gine-gine, ko'ina ana haƙa, ko'ina ana ɗora bene kan bene, leburori sun naɗe fuska da tsumma. A aji kuma iyakwandishan ya yi ta hura su har farce ya yi shuɗi, ga ta a tsakiyar hamada da rigar sanyi. Akwai 'yan ƙasa masu baƙaƙen abaya da ƙamshin turaren wuta, akwai 'yan Masar da 'yan Sudan da 'yan Filifin, kowa da 'yan yarensa. Ita kaɗai ce ba ta da na biyu. Lokacin cin abinci takan zauna a kujerar lungu, ta ciro wata robar magani da ta wanke ta zuba yajin Inna a ciki, ta barbaɗa wa shinkafar da ba ta san gishiri ba.

A sakandaren 'yan mata ita ce ta ɗaya, har ana aiko ta ajin ƙasa ta koyar da Turanci. Amma malamar da ta tarar a nan Baturiya ce mai magana ta hanci, kalmomi na zubowa kamar ruwan sama a kan kwano, kafin ka tari ɗaya goma sun wuce. Makon farko Haulatu ta dawo gida da littafi fari fat, ta shige banɗaki ta yi kukanta. Kawu Ja'afaru ya jiyo kukan. Kwana biyu sai ga shi da 'yar rikodar nan. Daga nan ta samu hanya: ta ɗauki lacca a kaset, ta dawo gida bayan azahar ta kishingiɗa a kan kafet, ta saurara, ta mayar baya, ta sake saurara, har sai maganar Baturiya ta yi laushi ta shiga.

Rikodar nan kuma ita ce ta zame mata hanyar gida. A lokacin waya ba ta wadata a Ringim ba. Akwai ta wani mai shago kusa da tasha, can mahaifinta Malam Yusufa da Raliya kan je su jira kiranta Juma'ar farko ta kowane wata. Inna ba ta zuwa. Sau ɗaya aka aro wayar aka kai mata har ɗaki, ta karɓa da 'yan yatsu biyu kamar an miƙa mata garwashi, ta ce, "Lafiya lau," ta miƙa wa Raliya. Don haka sai aka koma kaset.

Mai kai da kawowa shi ne Malam Haladu, wani dattijo mutumin Gumel, direban bas ɗin wani kamfani, shekararsa goma sha biyar a Doha. Yana zaune a unguwar Al Asmakh, a wani tsohon gida mai ɓarewar bango, ɗakinsa kuwa shi ne gidan wayan duk 'yan arewa. Duk mai tafiya gida sai ya biya ta nan ya kwashi wasiƙu da kasusuwa da kwalaben turare, duk wanda ya dawo nan zai sauke nasa kayan. Ranar Asabar Anti Barira kan raka Haulatu a tasi.

"A'a, Likita da kanta!" in ji Malam Haladu. "Yau dai kin zo min da maganin gwiwar?"

"Baba Haladu, maganin gwiwarka ka rage shayi mai sukari biyar."

"Ji min ja'ira! Hajiya Barira, wannan kuke kashe wa kai a makaranta? Ta hana tsoho shayi? To kaset ɗinki ya faɗa teku, jeki."

Sai ya ciro shi daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, da rubutun Raliya a jiki.

Kaset ɗin gida tsarinsa ɗaya ne kullum. Malam, mahaifinta, zai buɗe da sallama da doguwar nasiha, kamar yana gaban ɗalibansa na firamare. Raliya ta karɓa da gulmar unguwa kaf: wa aka kai wa lefe, akuyar wa ta haifi uku, wa ta yi yaji ta dawo ba biko. Ƙanana su yi waƙar makaranta su fashe da dariya. Sai Malam ya ce, "To, magana ta ƙare, kashe, kada batir ya mutu." Fuska ɗaya suke cikawa, bayan kaset ɗin a bar shi fari.

Sauraro na farko na masu magana ne. Na biyu da na uku da na goma kuwa na Inna ne. Haulatu kan manna rikodar a kunne, ta rufe ido, ta ratsa ta bayan muryar Malam ta shiga tsakar gida. Ga tabarya na sauka a turmi, ta san dakan Inna a cikin dakan mata ɗari, don takan cilla tabaryar ta tafa sau ɗaya kafin ta cafe. Ga ta can tana korar akuya. Ga ƙarar marfin samira. Wani zuwa, bayan Haulatu ta faɗa a nata kaset ɗin cewa mura ta dame ta, sai ta tsinci muryar Inna can nesa, ƙasa-ƙasa, a tsakiyar nasihar Malam: "A gaya wa waccan ta bar shan ƙanƙara." Ranar Haulatu ta mayar da wurin nan baya har zaren ya kusa tsinkewa. Daga baya Raliya ta tsegunta mata cewa duk ranar da za a sa kaset ɗin Doha, ranar ce Inna ke tuna tana da tankaɗe a bakin ƙofar ɗakin Malam, in ya ƙare kuma ta ce a maimaita, wai yara ba su ji da kyau ba.

Da wannan ta rayu shekara ɗaya da rabi. Tana cewa a ranta: bari in gama, in koma da farar riga, in zauna a gabanta in ƙi tashi. Ai ko dutse ne zai yi magana.

Kaset kuwa ya fara wuya a garin. Ɗan Indiyan ƙasan bene ya kaɗa mata kai wata rana ya ce, "Khalas, kaset ya ƙare, yanzu faifai." Sai ta koma cin bayan kasusuwan gida. Da fari takan saurari bayan har ƙarshe kafin ta ɗora lacca a kai. Na farko fari, na biyu fari, na biyar fari. Tun tana dubawa har ta koma ɗan karawa a kunne kawai, in ta ji shuuu sai ta danna jan maɓalli.

A watan Afrilun 2006 wani kaset ya iso. Ta saurare shi ranar Asabar da la'asar. Malam ya yi nasiharsa, Raliya ta yi gulmarta amma ba dariya a ciki. Haulatu ta ratsa ta bayansu kamar yadda ta saba, ta shiga tsakar gida, ta tarar da shi shiru. Ba turmi, ba korar akuya. Sai wani tari da ke fitowa daga cikin ɗaki, busasshe, mai tsawo. Can wajen ƙarshe Malam ya ce, "Innarku ba ta ɗan jin daɗi, zazzaɓi ne, da sauƙi."

Ta sami Kawu yana cin abinci, ta durƙusa.

"Kawu, da za ka yarda in je gida ko na mako ɗaya ne."

"Jarrabawa saura wata biyu ki ce gida? Zazzaɓi ne fa, yau aka fara?"

"Tarin ne bai yi min ba, Kawu."

"Oh, yanzu har ta kaset kike duba marar lafiya? Yayata ce, na fi ki sanin ta. Ki gama, ranar da kika ajiye biro ni da kaina zan kai ki filin jirgi. Yalla, maza tashi ki yi karatu."

Ta tashi. Fasfo dai yana durowa, durowa kuma da makulli.

Ranar Talata malamar ta shigo aji ta ce yau bitar magungunan zuciya za a yi, daga farko har ƙarshe, kuma ba za ta maimaita ba. Wannan shi ne darasin da ya fi ba Haulatu wuya. Ta zazzage jaka, ba kaset ko ɗaya sai na gida da ya zo ranar Asabar, wanda take yawo da shi tana sauraron tarin nan a bas. Ana ta jan kujeru, 'yan Masar na musu da ƙarfi a bayanta, iyakwandishan na gurnani. Ta juya kaset ɗin, ta kara a kunne ɗan jim, ta ji shuuu. Malama ta buɗe baki. Haulatu ta danna ja.

Kwana goma bayan haka, suna cin abincin rana ranar Juma'a, wayar Kawu ta yi ƙara. Ya duba, ya fita baranda ya ja ƙofar gilashi, a zafin da ko tsuntsu ba ya tsayawa. Ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja wur, ya ce rana ce. Washegari ya ce kamfani ya tura shi Dubai aikin mako guda.

Mutanenmu suna da wata ɗabi'a, da kyakkyawar niyya suke yin ta: ba a gaya wa mai jarrabawa mutuwa. A bar shi ya gama, wanda ya tafi ai ya riga ya tafi, kada a yi asara biyu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk 'yan arewan Doha sun haɗiye maganar nan, daga likitoci har masu gadi. Sai dai labarin zuciya a tambayi fuska. Anti Barira ta daina yi mata faɗan gyale, ta koma kawo mata kunu har ɗaki tana shafa mata kai. Kawu ya dawo daga Dubai, miyar kukar da aka yi a daren kuwa da sabuwar daddawa aka yi ta, mai ƙamshin kasuwar Ringim. Da suka je Al Asmakh, Malam Haladu bai ce Likita ba, bai yi zancen gwiwa ba. Miƙewa ya yi tsaye da ya gan ta, dattijo da furfurarsa, ya ce, "Sannu Haulatu. Ba kaset wannan karon, ba wanda ya zo."

Juma'ar farkon wata ta kira shagon bakin tasha. Malam ne kaɗai ya zo, ya ce Raliya na gida tana aiki.

"Baba, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi ƙwarai. Tana gaishe ki. Ta ce a gaya wa Haulatu ta dage da karatu."

Haulatu ta riƙe wayar, bayan Malam ya kashe ma ba ta sauke ba. Tana gaishe ki. A gaya wa Haulatu. Shekara ashirin da ɗaya Inna ba ta taɓa aiko mata da gaisuwa ba, balle ta sa sunanta a saƙo. Malam bai iya ƙarya ba, sai ya ƙera irin wadda kowace uwa za ta faɗa, ya manta da wadda yake aure.

Ta sani ke nan, amma ba ta sani ba. Ta kasa tambaya, don in ta tambaya za a ba ta amsa. Ta ci gaba da tashi biyar da rabi, ta shiga bas, ta sa rigar sanyi, ta buɗe robar yaji ta ga ya kusa ƙarewa ta mayar ta rufe, ta ci shinkafarta haka nan lami. Karatu ta kama kamar mai haƙa rami don ta ɓuya a ciki. Laccar magungunan zuciyar nan ta saurare ta ta fi sau ashirin, kullum daga inda muryar malama ta fara, har ta haddace inda ta yi atishawa da inda alli ya karye mata.

Ranar da ta rubuta takarda ta ƙarshe, bas ya sauke ta da azahar. Ta hau bene. Tun daga bakin lifta ta hango takalma a ƙofarsu, na mata, sun fi ƙafa goma, an jera su da kyau. Ta tsaya tana kallon su. Ta ji kamar ta juya ta koma makaranta ta ce a ƙara mata wata jarrabawar.

Matan likitoci da na injiniyoyi ne zaune a kan kafet, kowa da carbi. Kawu yana kujera, kansa a ƙasa. Anti Barira ta taso ta karɓi jakarta ta zaunar da ita.

"Haulatu," in ji Kawu, "ke mai ilimi ce, kin san dukkan mai rai..."

"Yaushe, Kawu?"

Ya dubi matarsa. Anti Barira ce ta ce, "Yau kwana arba'in da uku."

Har sadakar arba'in an yi an watse. Haulatu ta ce innalillahi, ta amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya, idonta a bushe. Matan suka yi ta yaba haƙurinta. Abin da ke ranta ba wanda za ta iya gaya wa a cikinsu: shi ke nan, ranar nan da take jira ba za ta zo ba.

Da la'asar Kawu ya kira Ringim ya miƙa mata wayarsa, ya ce ga Raliya. Suka yi kuka tare, sannan Raliya ta ja hanci ta ce, "Yaya, ke dai kin more. Mu da muke gabanta ba ta bar mana komai ba. Don Allah me ta ce miki?"

"Wa?"

"Inna mana. A bayan kaset."

"Wane kaset, Raliya?"

"Na ƙarshen nan. Ba ki juya ba? Da Baba ya gama ya fita masallaci, sai ta ce in kawo mata rikodar cikin ɗaki. Ta ce in juya shi in danna mata, in fita in ja ƙofa, in kori yara. Yaya, har sai da abin ya kashe kansa tana ciki. Rabin awa cur. Ni ina bakin rijiya, ban ji me take cewa ba, sau ɗaya dai na ji ta yi dariya. Na ce bari in rubuta a jiki cewa ki juya, ta ce in na rubuta sai ta saɓa min, salon masu kai saƙo su karanta? Ta ce in da rabo za a ji. Yaya? Yaya Haulatu, kina ji na?"

Wayar na kan kafet. Haulatu na ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kashe iyakwandishan don kada ya yi mata ƙara. Sai da ta sa kaset ɗin sau biyu kafin ya zauna. Ta mayar da shi baya, can farko, inda ba ta taɓa komawa ba tun ranar Talatar nan. Ta ƙure murya. Ta danna.

Shuuu. Amma a ɗaki shiru, shuuu ɗin ba fari ba ne. Ga ƙarar ƙyauren langa-langa ana ja. Ga zakara can nesa. Ga awarwaro ya ɗan motsa, irin motsin mai gyara zani. Ga numfashi, a hankali, mai ɗan ƙugi a ƙirji. Inna ce zaune a gaban rikoda, ita kaɗai a ɗaki, kunya ta hana ta farawa. Ta yi gyaran murya. Ta sake yin shiru. Sannan ta ja dogon numfashi, irin wanda mutum ke ja in ya yanke shawarar faɗin abin da ya daɗe yana riƙe da shi.

Ƙas. Sai muryar Baturiya, garau, tana cewa a buɗe shafi na ɗari da goma sha biyu.

Haulatu ta bar shi yana tafiya. Ta zauna ta saurari rabin awar nan kaf, ko akwai wata kafa, ko malama ta yi shiru wani wuri muryar ƙasa ta ɓullo. Babu. Har zaren ya ƙare abin ya kashe kansa, magungunan zuciya ne. A nan ne kukan ya zo, irin wanda ya sa matan falo suka miƙe tsaye.

Kwana biyu bayan haka Malam Haladu ya bar aikinsa na ranar ya raka ta wurin wani mai gyaran rediyo ɗan Pakistan a bayan Al Asmakh, wanda aka ce ba abin da ke gagarar sa. Malam Haladu ya yi masa bayani da Larabcinsa na direbobi, yana haɗawa da hannu: akwai magana a ƙasa, akwai magana a sama, a ɗebe ta saman. Mutumin ya juya kaset ɗin, ya dubi Haulatu, ya cire tabaransa. Ya ce abin ba kamar fenti ba ne da za a kankare a ga na ƙasa. Sabuwar na shiga tana share tsohuwar. Ya miƙo mata da hannu biyu ya ce, "Khalas, 'yata."

A hanyar dawowa Malam Haladu ya ce, "Da na san abin da ke cikin ledar nan, wallahi da a kaina zan ɗauko ta." Haulatu ta ƙara damƙe kaset ɗin. Wa za ta ɗora wa laifi? Inna da ta hana a rubuta? Raliya da ta bi umarni? Kawu da ya so ta da alheri? Yatsan da ya danna ja nata ne.

Kawu ya cika alkawari, ya buɗe durowa, ya kai ta filin jirgi da kansa. Ta yi wata biyu a Ringim. Ta tambayi Malam, ta tambayi maƙwabta, har ƙawar Inna ta ƙuruciya ta je ta samu, ko ta taɓa gaya wa wani abin da ta faɗa. Kowa ya ce ai kin san Innarki. Ko ta kira sunan a ciki, ko har a can ma waccan ta ce, babu mai rai da ya sani. Me ya ba ta dariya ita kaɗai a ɗaki, shi ma babu.

Sakamako ya fito tana can. A magungunan zuciya ita ce ta ɗaya a ajin, malamar har wasiƙar yabo ta rubuto.

Ta koma ta ƙarasa karatun, don ba ta san abin da za ta zauna yi a tsakar gidan da ba turmi ba. Ta samu aiki a ɗakin magani na wani ƙaramin asibiti nan cikin Al Sadd, tafiyar ƙafa daga gidan Kawu. Masu zuwa karɓar magani sun san ta, doguwa mai tabarau, ba ta da yawan magana, amma ba ta sallamar tsohuwa sai ta tabbatar ta gane yadda za ta sha. Abokan aikinta na yi mata tsiya, wai duniya ta koma waya ita tana nan da rikodar zamanin kakanni a durowa, kullum tana sayen batir.

Lokacin hutun azahar, in layin masu karɓar magani ya yanke, takan ja labule ta ciro ta. Ta ƙirga abin, daƙiƙa goma sha tara ne. Ƙyaure, zakara, awarwaro, gyaran murya, sai dogon numfashin nan. Yatsanta ya ƙware, yana kan maɓalli tun kafin Inna ta gama jan numfashin, ta tsayar da shi daidai nan, kafin ƙas ɗin ta zo. Sai ta ɗan zauna da rikodar a kunne, tana jira. Sannan ta mayar baya.